Daga Kornaka zuwa Maraɗi neman jan mai

Arewa da Kornaka, cikin gundumar Dakwaro, akwai wani ƙauye mai rijiya biyu da mota guda. Motar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta ƙungiyar manoma ce. Shekara uku suna tara kuɗɗin wake da na gujiya kafin su saye ta. Makiyayan da ke zaune bayan gari su ma sun sa hannu. Wani ya ba da tunkiya, wani ya ba da ɗan maraƙi.

Ita ke kai buhunan wake kasuwa. Ita ke ɗauko taki da dusa. In haihuwa ta yi wa mace gardama cikin dare, ita ke kai ta gidan likita. Kafin a same ta, amalanken shanu ke yin wannan aiki, kuma ba kowace mace ke isa da sauran ƙarfi ba.

Tsohuwar Toyota ce, irin wadda ake kira otomatik, wato mai sauya giya da kanta. Direba ba ya taka kuloci. Ya ja sanda zuwa harafin D, ya ba ta wuta, ta tafi.

Yadda ciwon ya fara

Cikin damana aka ɗauko wata mai naƙuda da tsakad dare. Motar ta kafe cikin rairayin ƙorama. Hankalin direba ya tashi. Ya sa D ya ba ta wuta, ya sa R ya ba ta wuta, tayoyi na juyawa wuri guda. An daɗe ana haka kafin ta fita. Matar ta isa, ta sauka lafiya. Kowa ya yi murna, aka manta da mota.

Bayan ƴan kwanaki yara suka ga ɗigon wani abu ja a ƙasa, inda motar ke kwana. Ran kasuwa direba ya tsaya wurin mai sayar da mai a kwalabe. Mutumin ba shi da jan mai. Ya ce mai duk mai ne. Ya zuba masa lita guda ta man inji cikin akwatin giya.

Daga nan motar ta sake hali. Da safe in an sa D sai ta yi jim kafin ta motsa. In ta hau tudu, inji ya yi ta kuka, ita kuwa tana jan jiki. In za ta sauya giya sai ta zabura kamar jakin da aka tsikara.

Da kaka ta yi, aka taru gindin gawo a ƙofar maigari. Aka shirya a sayar da buhu biyu na wake, a kai motar Maraɗi. Aka tura mutum biyu: direba, da magatakardan ƙungiya, wani dattijo da ya koyi karatun boko da girmansa. Shi aka ba kuɗɗin da littafin ƙungiya.

Hanya

Sun tashi bayan asuba, tun da sauran sanyi. Ba su ɗauki kaya ba, ba su ɗauki kowa ba. Daga ƙauyen zuwa gudro hanyar rairayi ce, tana ratsa gonaki. An gama yankan hatsi. Dammuna na jere bakin rumbuna. Garkunan shanu sun fara gangarowa daga arewa suna cin kara, suna bar wa mai gona taki.

Sun hau gudro kusa da Kornaka. Wannan hanya ita ce ta haɗa Dakwaro da Maraɗi, tsawonta wajen kilomita 120. Kudu da Kornaka ta ratsa Gulbin Kaba. Sunansa gulbi, amma ba kasafai ruwa ke gudu cikinsa ba. Kwari ne mai faɗi, cike da kaba da goriba. Daga nan mata ke samun abin saƙar tabarma da igiya.

In aka ƙara yin kudu, itatuwa na ƙaruwa cikin gonaki: gawo, kalgo, sabara, aduwa. Ba dasa su aka yi ba. Tun shekarun 1980 manoman jahar Maraɗi suka koma barin tohon kututture in suna sassabe. Shi ne ake kira sassaben zamani.

Sau biyu direba ya tsaya ƙarƙashin inuwa don akwati ya huce. Da hantsi suka iso Tsibiri, garin Sarkin Gobir, wanda Gobirawa suka kafa wajen shekarar 1836. A wannan yanki hanyar Dakwaro ke haɗuwa da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Manyan kamyo na wucewa da albasa da siminti. Daga Tsibiri zuwa Maraɗi tafiya kaɗan ce.

Maraɗi

Maraɗi garin Katsinawa ne. Sarakunan Katsina da suka bar birninsu a zamanin jihadi su suka zauna nan, wajen shekarar 1819, ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Tsohon garin cikin kwarin gulbi yake. A shekarar 1945 ruwa ya ci shi, aka maido mutane bisa tudu. Shi ya sa titunan tsakiyar gari suke miƙe, sun gicciye juna kamar saƙar tabarma. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Limanci sun hawo tudun da sunayensu. Daga baya aka sami Sabon Gari da Zariya da Ali Ɗan Sofo.

Gujiya ce ta fara ɗaga garin. Da farin shekarun 1970 ya karya nomanta, alhazan Maraɗi suka ƙara ƙarfi wajen fatauci da Najeriya. Katsina wajen kilomita 90 ce kawai, ta Ɗan Isa da Jibiya. Yamai wajen kilomita 660 ce, Damagaram wajen 240. Babbar kasuwa na cika ran Litinin da ran Juma'a.

Garin fatauci garin motoci ne. A da Peugeot 404 da 504 da Land Rover ke bin hanyoyin karkara, dukansu masu giyar hannu. Daga baya tsofaffin motocin Turai da Amurka suka yi ta shigowa ta jirgin ruwa. Shekaru da dama ana sauke su a Kwatano, su hawo ta Gaya da Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni. A shekarar 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da ƙasar Benin, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Motocin Amurka kuwa galibinsu otomatik ne. Ta haka irin wannan mota ta kai har ƙauyukan da ba su da makaniki.

A gareji

Garejin da aka kwatanta musu fili ne da rumfar kwano da bishiyar dogon yaro biyu. Ƙasar wurin ta yi baƙi don mai. Yara masu koyon aiki na wanke ƙarafa cikin rabin tano. Mai shayi na gefe. Maigidan gareji dattijo ne, ya fara aiki tun zamanin 404.

Bai taɓa ko ƙusa guda ba sai da ya ji labari. Sannan ya sa aka tsai da motar a wuri mai daidai, aka ja birkin hannu, aka bar inji na aiki. Ya taka birki, ya bi da sandar giya kan kowane harafi, ya maido ta P. Ya buɗe gaban mota ya zaro wata doguwar sandar ƙarfe siririya. Ita ce sandar awon mai. Ya shafe ta da tsumma mai tsabta, ya mai da ita, ya sake zarowa. Ya ɗiga man bisa farar takarda, ya shinshina.

Ya dubi direba ya ce: «Samari, me ka ba ta ta sha?»

Direba ya sunkuyar da kai ya ce: «Baba, man inji ne, lita guda. An ce mini duk ɗaya ne.»

Dattijo ya ce: «Ruwan rijiya da kananzir duk farare ne. Ka taɓa ba raƙumi kananzir?»

Ya nuna musu takardar. Sabon man otomatik ja ne garau, kamar ruwan zoɓo, ana hango haske ta cikinsa. In ya yi aiki sai ya koma kamar shayi. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ciki ya fara cinyewa. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Na motar ƙungiya ya yi duhu kamar shayin da aka manta bisa wuta, da ɗan warin ƙauri. Kuma bai kai zanen da ya kamata ba.

Abin da ke cikin akwati

Akwatin giya, wanda makanikai ke kira bwat, shi ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa tayoyi. A mota mai giyar hannu, aikin mai shi ne ya sa haƙoran ƙarfe su yi santsi. Shi ya sa man nata yake da kauri da wari mai ƙarfi. A bidonsa ana ganin lamba irin 80W-90 ko 75W-90.

A otomatik aikin mai huɗu ne.

Na farko, shi ke ɗaukar ƙarfin inji. Tsakanin inji da akwati akwai wani ƙoƙon ƙarfe kamar ƙwarya biyu da aka kife da juna, cike da mai. Cikinsa akwai farfela biyu suna fuskantar juna. Inji ya juya ta farko, ta watsa mai, man ya juya ta biyu.

Na biyu, shi ke sauya giya. Famfo na tura shi ta ƙananan hanyoyi masu kama da gidan tururuwa. Shi ke matse wasu faya-fayai sirara masu fuska kamar takarda, su kama ko su saki.

Na uku, yana sa ƙarafa santsi. Na huɗu, yana kwashe zafi ya kai lagireto ta tiyo biyu, ya huce, ya komo.

To, faya-fayan nan an yi su ne don mai iri guda. In santsi ya yi yawa, su zame. In ya yi kaɗan, su fizga. Zamewa na kawo zafi, zafi na ƙona mai, ƙonannen mai na ƙara zamewa. Haka abin ke bin juna har mota ta tsaya.

Man na son zafin da bai wuce wajen digiri 80 ba. A Maraɗi da Dakwaro, cikin watan Afrilu da Mayu, iska kanta na wuce digiri 40. A ƙara rairayi, a ƙara lodi. Ke nan man da zai daɗe a ƙasar sanyi, a nan ba ya daɗewa haka.

Haruffan da ke bisa sanda

Maigidan gareji ya miƙa wa magatakarda sandar awo ya ce: «Malam, an ce kana karatu. Duba nan.»

Magatakarda ya kai ta haske. Ya bi da yatsa yana faɗi ɗaya ɗaya: T, I, V. An buga T-IV a jikin ƙarfen. Sunan man motar ke nan. Tun ran da aka sayo ta yana nan a rubuce, ba wanda ya duba. Can ƙasa kuma akwai kalma biyu da zane-zane. COOL, awon mai in yana da sanyi. HOT, awonsa in ya yi zafi. Na zafi shi ne abin dogara.

Waɗannan sunaye suna da asali. A Amurka aka fara sayar da motoci masu sauya giya da kansu da yawa. Kamfanin General Motors ne ya fito da su a ƙarshen shekarar 1939. A 1949 ya sa ƙa'idar mai ta farko, mai suna Type A. A 1967 ya fito da Dexron. A wancan zamani ana haɗa man da kitsen wata ƙatuwar dabbar teku da ta fi giwa girma nesa ba kusa ba. A farkon shekarun 1970 aka hana, don dabbar ta kusa ƙarewa. Dexron III ya zo a 1993, Dexron VI a 2005. Kamfanin Ford na da nasa, Mercon, tun 1987.

Da akwatuna suka yi ta sauyawa, kowane mai ƙera mota ya sa nasa suna. Toyota na da T-IV, da WS na motocin da suka biyo baya. Tsofaffinta da yawa Dexron suke sha. Honda na da Z1, daga baya DW-1 ya maye gurbinsa. Hyundai da Kia na da SP-III da SP-IV. Nissan na da Matic D da J da S.

Akwai kuma wani irin akwati da ake kira CVT. Shi ba ya tsalle daga giya zuwa giya. Ɗamarar ƙarfe ce ke gudu tsakanin gargare biyu. Mansa dabam ne, an rubuta CVT a bidonsa. In aka zuba masa man otomatik na kullum, ɗamarar na iya zamewa ta lalata shi.

Jan launi kuwa rini ne kawai. Ana sa shi don a bambanta man da na inji in yana zuba. Mai biyu na iya zama ja, halinsu ya saɓa. Kama da wane ba ta wane.

Wurin saye

Aka haɗa magatakarda da yaro guda suka nufi shagunan kayan mota. Matatar man Damagaram, da aka buɗe a 2011, isansi da gazuwal da gas take fitarwa. Man akwati daga waje ake kawo shi. Wani ya biyo ta Najeriya, wani ta tashoshin teku. Akwai mai kyau, akwai na jabu. Wasu na tsintar tsohon bido su cika shi da wani mai, su rina.

A shagon farko aka nuna musu jan mai cikin kwalbar ruwa, da araha. Ba suna, ba lamba. Suka wuce. A na biyu akwai bido mai kyan gani, amma zoben murfinsa a karye. Suka wuce. A na uku magatakarda ya juya bayan bido yana bin ƙananan rubutu da yatsa, har ya ga T-IV cikin jerin. Murfi a liƙe, rubutu bai goge ba. Ya fi na farko tsada ƙwarai. Ya ƙirga kuɗɗin wake sau biyu. Ya sayi lita 8, ya karɓi takardar shaidar saye, ya sa cikin littafin ƙungiya. Araha ba ta ado.

Bidanji

Aka ɗaga motar bisa rami. Yaro ya kwance ƙusar ƙasa, tsohon mai ya zubo cikin roba. Maigida ya sa aka auna shi da bidon lita. Bai kai lita 4 ba.

Direba ya ce: «Baba, shi ke nan duka?»

Dattijo ya ce a'a. Akwatin irin wannan mota na ɗaukar lita 7 zuwa 8. Sauran na maƙale cikin ƙoƙon nan da cikin tiyo. Bidanji guda bai fitar da ko rabi. In an yi sau biyu, ana tafiya da mota tsakani, an sabunta kusan kashi 7 cikin 10. In an yi sau uku, kashi 8.

Sannan aka kwance tasar da ke ƙarƙashin akwati. Cikinta akwai mayen ƙarfe ƙanana da ke kama garin ƙarfe. Maigida ya shafa da yatsa. In laushi ne kamar toka, wannan cin yau da gobe ne. In akwai ɓarɓashi mai kaifi kamar tsakuwa, wani abu ya karye. Nasu toka ce, amma da yawa. Aka wanke tasa, aka sauya rariyar da ke tace mai, aka sa sabuwar robar baki. Aka gano inda man ke zuba: tiyo guda mai zuwa lagireto ya tsage. Aka sauya shi.

Wajen zuba sabon mai, maigida ya kori yara masu shara. Ya wanke mazurari da kansa. Ya ce ƙwayar rairayi guda na iya toshe hanyar mai. Ya zuba kaɗan kaɗan yana aunawa. Mai in ya gaza, famfo ya sha iska. In ya yi yawa, ƙarafa su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse komi.

Suka zagaya da motar ta hanyar Ɗan Isa, suka komo, aka sake zubarwa, aka sake cikawa. Da la'asar aka gwada ta. Jim ɗin nan na safe ya ragu. Zaburar ta yi sauƙi, amma ba ta ɓace duka ba.

Maigida bai ɓoye musu ba. Ya ce wa magatakarda: «Malam, sabon mai ba ya mai da abin da ya riga ya cinye. Faya-fayan sun ji jiki, amma ba su mutu ba. In kun lallaɓa ta, za ta yi muku shekaru. Ku komo bayan wata guda a yi na uku. Da kun ƙara wata biyu a haka, da sai dai a sauke akwati.»

Ya nuna musu wata mota a gefen fili, ƙura ta rufe ta, kaji na kwana ƙarƙashinta. Ta wani ƙauye ce. Ta mutu a daji, aka ɗaura mata igiya, kamyo ya ja ta tafiyar yini. In inji ba ya aiki, famfon mai ba ya aiki. Akwatin ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Kuɗɗin wani akwatin na iya kai kuɗɗin bijimi. Masu ita ba su tara ba tukuna.

Abin da magatakarda ya rubuta

Kafin su tashi, magatakarda ya zauna bisa benci ya buɗe littafi. Maigida na faɗi, yana rubutawa.

1. Sunan man mota na bisa sandar awo ko cikin littafin mota. A rubuta shi, a nuna wa mai shago. In babu irinsa, a jira. Man inji, man birki da man giyar hannu ba sa shiga akwatin otomatik.

2. A auna mai sau ɗaya a wata, da kuma kafin doguwar tafiya. Mota ta yi zafi, ta tsaya wuri mai daidai, inji na aiki, sanda na kan P. Motocin Honda da dama sai an kashe inji a auna nan take. Sababbin motoci da yawa ba su da sandar awo, sai a gareji.

3. A duba ƙasa kowace safiya. Jan ɗigo ba abin ƙyalewa ba ne.

4. Lokacin bidanji ya bambanta. Wasu motoci kilomita 40.000, wasu 60.000, wasu fiye. Mai bin rairayi da lodi cikin zafi ya ɗauki lamba mafi ƙanƙanta da littafin motarsa ya faɗa.

5. P ta ajiye mota ce, a ja birkin hannu kafin a sa ta. R baya. N babu giya. D tafiya. 2 da L na rairayi ne da hawa da gangara. Kada a sauya daga D zuwa R sai mota ta tsaya cik.

6. In ta kafe, a ɗaga ƙafa daga wuta. A sauke mutane da kaya, a tone gaban tayoyi, a shimfiɗa kara ko rassa, a rage iskar taya, a sa L, a fita sannu. In an hau ƙasa mai ƙarfi a mai da iskar.

7. Otomatik ba ta tashi da turi. In batir ya mutu, a nemi wani batir. In ta lalace, a ɗora ta bisa kamyo, ko a ɗaga tayoyin da ke ja.

8. Kada a shiga ƙorama mai zurfi. Akwati na da ƴar kafar shan iska a samansa, ruwa na shiga ta nan. In an ratsa ruwa, a duba launin mai.

9. A wanke lagireto daga ƙaiƙayi da ciyawa. In inji ya yi zafi, akwati ma ya yi.

10. Tsohon mai guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko tabki ko gona. Kada a shafa wa raƙumi ko akuya don ƙazuwa. Bisa na lasa, fata na sha. Maganin ƙazuwa na wurin ma'aikatan kiwon bisashe.

Komawa gida

Sun kwana a Maraɗi, gidan wani ɗan ƙauyensu da ke dako a kasuwa. Da asuba suka kama hanya. Suka wuce Tsibiri, suka ratsa Gulbin Kaba rana na fitowa. Da suka sauka daga gudro, direba ya tsaya cik, ya ja sanda zuwa 2, sannan ya shiga rairayi. A ƙoramar nan ta damana ya sa L. Motar ta ratsa sannu, ba ta yi kuka ba.

Da yamma aka taru gindin gawo. Magatakarda ya karanta lissafi: kuɗɗin mai, na rariya, na tiyo, na aiki. Buhu biyun sun tafi, saura kaɗan. Wani ya yi gunaguni, ya ce mai kawai ya cinye wake haka? Wani tsohon makiyayi ya amsa masa. Ya ce wanda ya ƙi sayen kanwa da gishiri don saniyarsa, ranar da ta faɗi zai san kuɗɗinta.

Aka shirya abu uku. Kowane buhun da motar ta ɗauka, a ware wani abu cikin kuɗɗin dakonsa don mai. Ran 1 ga kowane wata, direba da magatakarda su auna mai tare, a rubuta launinsa cikin littafi. Bayan wata guda a koma Maraɗi.

Sauran man da ya rage cikin bido, aka ɗaure bakinsa, aka ajiye ɗakin maigari. Magatakarda ya nemo fenti. A cikin murfin gaban mota, inda duk wanda ya buɗe zai gani, ya rubuta da manyan haruffa: T-IV. Yaran gari suka kewaye shi suna karantawa.